Kasuwar foreks: Kuɗaɗen da ke fita daga jarin mutum tun kafin ya ci riba ko ya faɗi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Wapa da ke Fagge a Kano, ko ya tsaya wajen 'yan canji a Wuse Zone 4 a Abuja, ya san dala ba ta da farashi ɗaya. Tambayar farko da ɗan canji ke yi ita ce: saye za a yi ko sayarwa? Amsar ce ke yanke farashin da zai faɗa.

A ce ɗan canji yana sayen dala a kan N1,500, yana sayarwa a kan N1,520. Wanda ya sayi dala 100 a hannunsa zai biya N152,000. Idan nan take ya sauya shawara ya mayar da ita, N150,000 za a ba shi. Dala ba ta tashi ba, ba ta sauka ba, amma N2,000 ta tafi. Babu wanda ya cuce shi, abincin ɗan canji ke nan.

Wannan lissafi da kowa ya sani a bakin titi shi ne ke ɓace wa matasa da yawa idan suka koma cikin waya, suka buɗe asusun cinikin kuɗaɗen waje ta intanet, wato foreks. Hankalinsu kan tafi ga tambaya ɗaya: farashi zai hau ko zai sauka? Kaɗan ne ke tambayar nawa ake cirewa a kowane ciniki, alhali wannan kuɗi yana fita ko an ci ko an faɗi.

Kasuwar tana da girman gaske. Binciken da bankin BIS da ke Basel a ƙasar Siwizalan ke yi duk bayan shekara uku ya nuna cewa a watan Afrilun 2022 ana cinikin dala tiriliyan 7.5 a kowace rana, adadin da ya kai tiriliyan 9.6 a Afrilun 2025. Mafi yawan wannan hada-hada ta manyan bankuna da kamfanonin zuba jari ce. Mai ciniki a waya yana can gefe, kuma ba ya samun farashin da bankunan ke ba junansu. Ba ya ma karɓar yuro ko dala a hannu. Abin da yake ƙullawa yarjejeniya ce da kamfanin dillanci a kan bambancin farashi tsakanin lokacin da ya shiga da lokacin da ya fita. A kan wannan yarjejeniya kamfanin ke ɗora kuɗaɗensa.

Tazarar farashi

Wanda ya danna maɓallin saye a manhajar MetaTrader, wadda yawancin masu wannan harka ke amfani da ita, zai ga cinikinsa ya buɗe da jan lamba mai alamar ragi. Sabon shiga kan ɗauka kasuwa ce ta juya masa baya cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ya faru da mai dala 100 a Wapa ne ya faru da shi.

Kowane kuɗi yana da farashi biyu a manhajar. A misali, yuro da dala, wanda ake rubutawa EUR/USD, na iya nuna 1.1000 da 1.1002. Mai saye zai saya a kan na sama, mai sayarwa zai sayar a kan na ƙasa. Abin da ke tsakani shi ne tazarar farashi, wadda 'yan harkar ke kira sifired.

Ana auna tazarar da wani ma'auni mai suna pip. A yawancin kuɗaɗe, pip shi ne lamba ta huɗu bayan ɗigo, don haka tsakanin 1.1000 da 1.1002 akwai pip 2. A cinikin da ya haɗa da yen na Japan, lamba ta biyu ce bayan ɗigo.

Darajar pip kuwa ta dogara ne da girman cinikin, wanda ake aunawa da lot. Lot ɗaya cikakke yana nufin yuro 100,000, kuma pip ɗaya a kansa dala 10 ne. A lot 0.1, pip dala 1 ne. A lot 0.01, santi 10 ne. Ke nan mai cinikin lot 0.1 da tazarar pip 1.5 ya biya dala 1.50 da zarar ya danna, kuma sai farashi ya tafi pip 1.5 a hanyar da yake so kafin ya dawo kan uwar kuɗinsa.

Tazarar ba ta tsayawa wuri guda. Takan yi ƙanƙanta a lokacin da kasuwar Landan da ta New York ke buɗe tare, wato daga kusan ƙarfe 1 na rana zuwa 5 na yamma agogon Najeriya a watannin bazarar Turai, ko ƙarfe 2 zuwa 6 a watannin hunturu. Takan buɗe baki da daddare, musamman wajen ƙarfe 10 ko 11, lokacin da ranar ciniki ke ƙarewa a New York kuma masu saye da sayarwa suka ragu. Wanda aiki ko makaranta suka hana shi ciniki da rana, ya koma yi bayan sallar isha'i, sau da yawa yana shiga ne a lokacin da kasuwar ta fi tsada.

Nau'in kuɗin ma yana da tasiri. Yuro da dala su ne aka fi ciniki a duniya, shi ya sa tazararsu ta fi ta kowa sauƙi. Idan aka koma ga dala da rand na Afirka ta Kudu, ko dala da lira ta Turkiyya, tazarar kan ninka sau da yawa.

Akwai kuma wani abu da ke jawo zargi tsakanin 'yan kasuwa da dillalai. Zanen farashi a MetaTrader yakan nuna farashin ƙasa ne kawai, sai dai in mutum ya kunna layin na sama da kansa. Wanda ya buɗe cinikin sayarwa kuwa, a kan farashin sama ake rufe masa. Idan tazara ta buɗe da dare, za a iya rufe masa ciniki da asara alhali a zanen bai ga farashi ya taɓa iyakar da ya sa ba.

La'ada

Kamfanoni da dama na tallata asusu iri biyu. Na farko "babu la'ada", na biyu "tazara daga sifiri". Dukansu ana biya, wurin da aka ɓoye kuɗin ne ya bambanta.

A asusun da ba shi da la'ada, kamfanin ya riga ya saka rabonsa cikin tazarar. A ɗayan kuma, tazarar ƙarama ce, amma ana cire la'ada a kan kowane lot, galibi tsakanin dala 3 zuwa 3.50 wajen shiga da irinta wajen fita, wato dala 6 zuwa 7 a zuwa da dawowa. Wasu tallace-tallacen kan ambaci ɓangare ɗaya kawai, sai mutum ya ɗauka kuɗin ke nan gaba ɗaya.

Hanyar gwada su ita ce a mayar da komai ma'auni ɗaya. A lot ɗaya na yuro da dala, tazarar pip 1.2 ba tare da la'ada ba ta kama dala 12. Tazarar pip 0.2 da la'adar dala 7 ta kama dala 9. Amma idan tazarar asusu na biyun ta buɗe zuwa pip 0.6, kuɗin ya zama dala 13, ya fi na farkon tsada. Kalmar "daga" a cikin talla tana nufin mafi ƙanƙantar da aka taɓa gani. Abin da ya kamata mutum ya nema shi ne matsakaiciyar tazara a sa'o'in da shi yake ciniki.

Kuɗin kwana

Idan ciniki ya wuce ƙarfe 5 na yamma agogon New York a buɗe, wato 10 ko 11 na dare a Najeriya gwargwadon lokacin shekara, ana lissafa masa abin da ake kira suwaf, kuɗin kwana ke nan.

Tushensa kuɗin ruwa ne. Mai sayen yuro da dala kamar ya ranto dala ne ya ajiye yuro. Idan ruwan da ake biya a kan dala ya fi wanda ake biya a kan yuro, shi zai biya bambancin a kowane dare. Idan akasin haka ne, a ƙa'ida shi za a biya. Sai dai kamfanin yana ɗora nasa rabo a kai, shi ya sa abin da ake ba mutum ba ya kai abin da ake cire masa, wani lokaci ma saye da sayarwa duka ragi suke nunawa.

A ce bambancin ruwan kashi 2 cikin 100 ne a shekara, kuma mutum yana riƙe da lot 0.1, wanda ya kai dala 11,000 a farashin 1.1000. Ruwan shekara dala 220 ne, kusan santi 60 a dare. Idan aka haɗa da rabon kamfani ya zama santi 70, wanda ya riƙe cinikin wata guda zai biya dala 21. Ga mai jarin dala 100, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ke nan, kuma bai yi komai ba sai jira.

Daren Laraba ya fita daban. A kasuwar manyan bankuna, cinikin kuɗi yana kammala ne bayan ranakun aiki biyu. Cinikin da ya tsallake daren Laraba yana tashi daga kammalawar Juma'a zuwa ta Litinin, don haka ake haɗa Asabar da Lahadi a cire kuɗin kwana uku a dare ɗaya.

A kuɗaɗen ƙasashen da ruwansu ke da yawa, abin ya fi haka nauyi. A watan Maris na 2024 babban bankin Turkiyya ya kai kuɗin ruwansa kashi 50 cikin 100. Masu sayen dala da lira a lokacin suna iya yin daidai a hasashensu cewa lira za ta ci gaba da faɗuwa, amma kuɗin kwana ya cinye ribar ya kuma taɓa jari.

Wannan ɓangare ne ya fi jan hankalin malamai. A zamanta na 18 da ta yi a Makka a shekarar 2006, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta haramta cinikin da ake yi da bashin dillali, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa kuɗin kwana riba ce ƙarara. Majalisar Fatawa ta ƙasar Malesiya ma ta haramta cinikin foreks na ɗaiɗaikun mutane ta intanet a 2012. Kamfanoni sun amsa da abin da suke kira asusun Musulunci, wanda ba a cire suwaf a cikinsa. Amma ta fuskar lissafi, yana da kyau a karanta sharuɗɗan da kyau. Wasu kan faɗaɗa tazara, wasu kan ɗora "kuɗin hidima" a kowane dare bayan ciniki ya yi wasu kwanaki a buɗe, wasu kuma sauƙin bai shafi dukkan kuɗaɗe ba. Fatawar Makka kuma ba ta tsaya ga kuɗin kwana kaɗai ba, ta haɗa da yadda dillali ke ba da bashi da sharaɗin a yi ciniki ta hannunsa ya ci la'ada.

Bashin da ke ninka komai

Abin da ke mayar da waɗannan ƙananan kuɗaɗe manya shi ne lebarej, wato damar da kamfani ke ba mutum ya yi cinikin da ya ninka jarinsa sau da yawa. Da lebarej na 1:500, dala 22 ta isa a buɗe cinikin dala 11,000.

Tazara da la'ada da kuɗin kwana duka a kan dala 11,000 ɗin ake lissafa su, amma daga cikin dala 100 ta mai asusu ake cire su. Dala 1.50 a kan dala 11,000 ba ta kai komai ba. A kan dala 100 kuwa kashi 1.5 ce cikin 100, a danna ɗaya.

A ɗauki misalin matashin da ya zuba dala 100, yana cinikin lot 0.1 sau biyar a rana, da tazarar pip 1.5. Kullum yana biyan dala 7.50. A ranakun ciniki 20 na wata, ya biya dala 150. Sai ya ci ribar da ta ninka jarinsa sau ɗaya da rabi a kowane wata kafin ya tsaya a inda ya fara. Ko ya rage zuwa lot 0.01, yana biyan dala 15 a wata, kashi 15 cikin 100 na jarin.

Akwai wani lissafi da ya fi wannan fito da abin fili. Mutumin da ke neman motsin pip 10, ya kuma sa iyakar asara a pip 10, zai ɗauka cewa in ya ci rabin cinikinsa ya tsira. Da kuɗin pip 1.5, cinsa pip 8.5 ne, faɗuwarsa pip 11.5. Sai ya ci kashi 57.5 cikin 100 na cinikinsa kafin ya tashi ba ci ba faɗuwa. Mai farautar pip 5 yana buƙatar kashi 65. Wanda ke jiran motsin pip 100 kuwa, ƙasa da kashi 51 ya ishe shi, ko da yake shi kuma kuɗin kwana na jiransa. Ƙanƙantar ribar da ake nema da yawan shiga da fita su ne ke ƙara rabon dillali.

Hukumomi a wasu ƙasashe sun taka wa wannan bashi birki. Tun daga watan Agustan 2018, hukumar ESMA ta Tarayyar Turai ta ƙayyade lebarej na ƙananan 'yan kasuwa a 1:30 ga manyan kuɗaɗe, 1:20 ga sauran kuɗaɗe da zinare. A Amurka iyakar 1:50 ce, a Japan 1:25. Kamfanonin da ke ba 'yan Afirka 1:500 ko 1:1000 galibi suna yin hakan ne ta rassan da suka yi wa rajista a tsibirai irin su Seychelles, inda dokokin ba su kai na Turai tsauri ba.

Santsin farashi

Akwai kuɗin da ba a rubuta shi a jadawalin kowane kamfani. Mutum ya danna a kan wani farashi, a cika masa a kan wani. Wannan santsi yakan faru idan farashi na gudu da sauri, misali lokacin da Amurka ke fitar da alƙaluman samar da ayyukan yi, galibi a Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogon Najeriya, ko lokacin da babban bankin Amurka ke sanar da matsayinsa kan kuɗin ruwa. Haka ma idan kasuwa ta rufe daren Juma'a, wani babban abu ya faru a ƙarshen mako, ta buɗe daren Lahadi a wani wuri daban.

Umarnin tsayar da asara ba ya hana wannan. Ma'anarsa kawai ita ce a rufe ciniki a kan farashin farko da aka samu bayan an kai iyakar, ko da ya yi nisa da ita.

Ranar 15 ga Janairun 2015 ta zama darasi a kan haka. Tun daga Satumban 2011 babban bankin Siwizalan yake hana yuro sauka ƙasa da faran 1.20 na ƙasar, kuma 'yan kasuwa da yawa sun jingina da wannan alkawari. A ranar, ba tare da gargaɗi ba, bankin ya janye hannunsa. Cikin mintuna kuɗin Siwizalan ya tashi da kusan kashi 30 cikin 100. Babu mai saye a farashin da mutane suka sa iyakarsu, aka rufe musu can ƙasa. Wasu sun wayi gari jarinsu ya ƙare kuma ana bin su bashi. Kamfanin FXCM ya ce abokan cinikinsa sun bar masa giɓin kusan dala miliyan 225, sai da ya ranci dala miliyan 300 ya tsira. Alpari na Ingila kuwa ya durƙushe. Daga baya dokar Turai ta wajabta cewa ba za a bi ƙaramin ɗan kasuwa fiye da abin da ke asusunsa ba, kariyar da ba kowane kamfani na waje ke bayarwa ba.

Ƙofar shiga da ƙofar fita

Ɗan Najeriya yana da wasu kuɗaɗe na daban da takwaransa na Amurka ba ya biya, domin shi da Naira yake samun kuɗinsa, asusun kuma galibi na dala ne.

A ce dala tana N1,500 a kasuwa. Wajen zuba kuɗi aka lissafa masa N1,530, wajen cirewa N1,470. Dala 100 ta shiga a kan N153,000, ta fito a kan N147,000. Ya rasa N6,000, kusan kashi 4 cikin 100, ko da bai buɗe ciniki ko ɗaya ba. Tun lokacin da bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin Naira a 2022, mutane da yawa suka koma sayen kuɗin intanet na USDT a hannun 'yan kasuwa domin zuba wa asusunsu. Nan ma akwai farashin saye da na sayarwa, ga kuɗin turawa.

Sai kuma motsin Naira kanta. A watan Fabrairun 2024 dala ta kusa N1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da N1,200. Wanda ya zuba kuɗi a Fabrairu ya cire a Afrilu ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na Nairarsa ko da dalarsa ba ta ragu ba. Wanda ya zuba kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji a Yunin 2023 kuwa ya ga akasin haka, har wasu suka ɗauka gwanintarsu ce, alhali faɗuwar Naira ce ta rufe musu asarar da suka tafka a ciniki.

A ƙara da kuɗin cirewa da wasu kamfanoni ke karɓa, da wanda ake yanka wa asusun da aka bari watanni ba a taɓa ba. A ƙara da data, da cajin waya, da kuɗin makarantar koyon foreks, da kuɗin wata-wata na zaurukan Telegram da WhatsApp masu sayar da "sigina". Mai biyan N15,000 a wata domin sigina a kan jarin N150,000 ya ɗora wa kansa kashi 10 cikin 100 kafin a fara maganar tazara.

Wa ke cin moriyar yawan ciniki?

Yawancin kamfanonin suna da tsarin wakilai. Duk wanda ya kawo sabon mutum ta mahaɗarsa, ana ba shi kamasho daga tazara ko la'adar kowane lot da mutumin ya yi ciniki, ko ya ci ko ya faɗi. Wannan halastaccen tsari ne a harkar, amma ya kamata mai koyo ya san da shi. Idan malamin da ke koyarwa "kyauta" ya dage sai an buɗe asusu ta hannunsa, kuma yana turo sigina goma a rana, akwai dalilin tambayar daga ina abincinsa ke fitowa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Haka garaɓasar da ake ƙara wa mai zuba kuɗi. Sau da yawa tana zuwa da sharaɗin sai an yi cinikin wani adadi na lot kafin a iya cirewa, kuma tazarar da za a biya kafin a cika sharaɗin na iya cinye garaɓasar. Turai ta hana irin wannan tayi tun 2018.

Wasu kamfanonin ma ba sa kai cinikin ƙananan 'yan kasuwa zuwa babbar kasuwa. Su ne ke tsayawa a ɗaya ɓangaren, ta yadda asarar mai asusu ita ce ribarsu.

Alƙaluman hukumomi sun nuna inda abin ke ƙarewa. ESMA ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan 'yan kasuwa asara suke yi. Hukumar AMF ta Faransa ta bi diddigin mutum kusan 15,000 na tsawon shekara huɗu, ta fitar da rahoto a 2014 cewa kashi 89 cikin 100 sun faɗi, matsakaiciyar asarar kowanne ta kusa yuro 10,900. Rahoton ya kuma gano cewa waɗanda suka fi yawan ciniki su ne asararsu ta fi girma. Shi ya sa doka ta tilasta wa kamfanonin da ke aiki a Turai da Ingila su rubuta kason abokan cinikinsu da ke faɗuwa a jikin tallansu, kuma kowa na iya dubawa a ƙasan shafinsu.

Kafin a zuba kuɗi

A watan Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari, wadda ta haramta gudanar da dandalin cinikin foreks ta intanet ba tare da rajista da hukumar SEC ba. Makonni kaɗan bayan haka dandalin CBEX, wanda ya yi wa mutane alkawarin ninka musu kuɗi cikin wata guda, ya rufe da dukiyar jama'a. Duk lissafin tazara da la'ada yana da amfani ne idan kamfanin na gaskiya ne kuma zai biya idan an nemi cirewa. Don haka tambayar farko ita ce wace hukuma ce ta yi masa rajista, kuma a duba lambar rajistar a shafin hukumar kanta.

Bayan wannan, akwai abubuwan da mutum zai iya sani cikin rabin sa'a. Idan aka danna sunan kuɗi a MetaTrader aka buɗe bayanansa, za a ga girman lot da kuɗin kwana na saye da na sayarwa da ranar da ake ninka shi uku. A asusun gwaji ana iya kallon tazara da rana, da ƙarfe 11 na dare, da lokacin fitar labari, ko da yake cika ciniki a asusun gwaji ya fi na gaske sauƙi. Ana iya zuba ɗan ƙaramin kuɗi a cire shi a ga nawa ya dawo a Naira da kwana nawa ya ɗauka.

Wanda ya riga ya fara kuma, tarihin asusunsa na ɗauke da amsar. La'ada da kuɗin kwana suna da gurbinsu a rubuce. Tazara ce ba ta bayyana, domin tana cikin farashin shiga da fita, sai mutum ya ninka yawan lot da ya yi ciniki da matsakaiciyar tazara da darajar pip. Idan aka haɗa ukun na wata guda, aka ɗora kuɗin canji da na sigina, aka gwada da jarin, za a ga kaso nawa ake buƙatar ci kowane wata kafin a fara maganar riba.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babu kasuwar da ake shiga kyauta, kuma ɗan canji na Wapa bai taɓa ɓoye farashinsa biyu ba. Mai zuwa wajensa yakan tambayi duka biyun, ya lissafa, ya leƙa shagon gaba, kafin ya fito da kuɗi daga aljihu. Farashin biyu suna nan a fuskar waya, tare da la'ada da kuɗin kwana, ga duk wanda ya tsaya ya karanta kafin ya danna.